Lafiya Uwar Jiki: Garin neman farin haƙori

Filin namu na wannan sati zai leƙa cikin baki, kuma abin da ya jawo maganar wani abu ne da na gani da idona a Dakoro.

A cikin sanyin da ya wuce na je ɗaurin auren ɗan ƙanwata, wanda yake malamin lakwal ne a wani ƙauye na yankin. Daren jajibiri muna zaune ƙofar gida, samari sun ɗora shayi bisa gawayi, aka miƙa wa ango kofin farko. Yana kurɓa sai ya runtse ido, ya dafe kunci, ya ajiye. Aka ɗebo masa ruwan randa, nan ma haka. Na jawo shi gefe na ce, "Kai ɗana, lafiya? Ko fargabar gobe ce?" Ya kare bakinsa da hannu ya ce, "Kawu, ba fargaba ba ce, haƙorana ne. Yau kwana uku ke nan, ko iskar hunturu ta shiga bakina sai in ji kamar an soka mini allura."

Da na matsa masa da tambaya sai ya fito mini da wata ƴar kwalba daga aljihu, wadda ya saya jikka ɗaya da rabi hannun wani mai talla a kasuwa. Babu sunan ƙasar da aka yi ta, babu bayanin abin da ke ciki, sai hoton wata mace mai murmushi. Ya ce kwana goma yana shafawa safe da dare, kuma da ya ga farin bai kai yadda yake so ba, sai ya ƙara da abin da ya gani cikin salula, wato a matsa lemun tsami cikin bikarbonat a dirje haƙora da shi. Haƙoran dai sun yi fari, fari irin na alli, amma ango ya ci bikinsa ba shayi, ba ruwan sanyi, ba fura.

Tun daga ranar na riƙa sa ido, na kuwa tarar ba shi kaɗai ba ne. Akwai amare, akwai ƴan kasuwa masu zuwa Kano da Jibiya, akwai ma'aikatan buro waɗanda aikinsu na tarbar jama'a ne. Abin da nake so mai karatu ya riƙe a yau shi ne, ciwon da ke biyo bayan faranta haƙori iri biyu ne. Akwai wanda ke wucewa cikin ƴan kwanaki, akwai kuma wanda ke nuna an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wanda bai rarrabe su ba yakan ƙara wa kansa ciwo da hannunsa.

Bari mu fara da ƙirar haƙorin kansa. Haƙori hawa uku ne. A waje akwai ɓawo, wanda Faransawa ke kira émail, kuma babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, domin wajen kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne tsantsa. Inda ya fi kauri, wato bisa kan haƙoran tauna, bai wuce milimita 2 da rabi ba, a wuyan haƙori kuwa kusa da dasashi siriri ne ƙwarai. A ƙarƙashin ɓawon akwai ƙashin haƙori, launinsa ya ɗan karkata ga ɗorawa, kuma cike yake da ƴan mitsi-mitsin kafofi, dubbai a cikin kowane murabba'in milimita, masu ruwa a cikinsu, waɗanda suka miƙe har tsakiya. A tsakiyar nan jijiya take da hanyoyin jini. Wani likitan haƙora ɗan ƙasar Suwidin mai suna Martin Brännström ya bayyana a shekarun 1960 cewa idan sanyi ko zafi ko zaƙi ya taɓa bakin kafofin nan, ruwan da ke ciki yana motsawa, motsin nan kuwa shi ke zungurar jijiya. Wannan ita ce sukar da ango yake ji. Mu ma mun san ƙaramarta tun muna yara, lokacin da mutum zai sha tsamiya ko ɗanyen mangwaro ya ce haƙoransa sun mutu.

To, abu ɗaya ne ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe: ɓawon haƙori ba ya tohuwa. Fata ta kan warke, ƙashi ya kan ɗore, farce ya kan tsiro, amma ɓawo ba shi da rai, ba shi da jini, abin da ya zaizaye ya tafi ke nan. Miyau yana iya mayar da tauri ga wurin da ya ɗan yi laushi, amma ba ya gina wanda ya riga ya tafi.

Yanzu mu dubi hanyoyin faranta haƙori. Hanyar da likitoci suka yarda da ita tana amfani da wani sinadari da ake kira perokisid, ɗan uwan ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi, wanda a farmasi ake kira eau oxygénée. Shi wannan ba kankare haƙori yake yi ba, ratsa ɓawo yake yi ya shiga ciki ya wargaza abin da ya rina haƙorin. A 1989 wasu likitoci biyu na Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana hanyar zuba shi cikin ƴar robar da aka ƙera daidai bakin mutum, a kwana da ita, da ƙarfin da bai wuce kimanin kashi 3 da rabi cikin 100 ba. Da yake maganin yana ratsawa har kusa da jijiya, mutane da yawa suna jin suka a kwanakin farko. Amma irin wannan suka baƙuwa ce. Idan an dakatar da maganin, galibi cikin kwana biyu ko uku ta kan lafa, domin ɓawon yana nan inda yake.

Duk da haka ba a sakar wa kowa shi. A dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2011, abin da za a saida wa kowa a kanti ba zai wuce kashi 0,1 cikin 100 ba. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙora, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Abin da ya wuce kashi 6 an hana shi a kayan faranta haƙori. Ku kwatanta da namu: kwalbar farmasi mai rubutun 10 volumes kashi 3 ce, mai 30 volumes ta masu rina gashi kashi 9 ce, ita kuwa kwalbar mai talla Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi yawa a wajenmu, wato tsami da dirza. Masana suna auna tsami da ma'aunin da ake kira pH, inda ruwa mai kyau yake kan 7, kuma duk sa'ad da lambar ta sauka da ɗaya tsamin ya ninka goma. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan aka sauka ƙasa da 5,5. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3. Saboda haka wanda ya shafa lemun tsami ya bi shi da buroshi, ya jiƙa bango ne sannan ya sa fartanya. Farin da yake gani a madubi ba tsabta ba ne, fuskar ɓawon ce ta zaizaye ta bushe. Bayan ƴan kwanaki wurin da ya yi kaushi ya fi saurin kama launin shayi da goro, mutum ya ga haƙora sun dushe, ya koma ga lemun tsami. A kwana a tashi ɓawon ya yi siriri, launin ƙashin da ke ƙarƙashi ya bayyana, haƙoran su fi dā ɗorawa. Garin neman gira an rasa ido.

Gawayi da toka da kanwa da gishiri su ma dirza ce. Gawayin ma yanzu ya shigo cikin kwali daga waje, da sunan sabon abu. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙora ta Amurka ta bi diddigin abin da aka rubuta a kan man goge baki na gawayi, ta tarar babu isasshiyar hujja da ke nuna yana yin abin da ake tallarsa da shi, ko kuma ba ya cutarwa.

Kafin mu zo kan magani akwai tambayar da kowa ya kamata ya yi wa kansa tun bai sayi komai ba: wane irin launi ne a haƙorana? Akwai na waje, wanda goro da shayi da taba suke bari, da furen da iyayenmu mata suke rina haƙora da shi don ado. Wannan likitan haƙora yana cire shi da na'ura a zama ɗaya ko biyu, abin da ake kira détartrage, ba tare da an taɓa lafiyar ɓawo ba. Akwai kuma na ciki, wanda ya ginu tare da haƙorin tun yaranta, kuma wannan ko an shekara ana dirza ba ya fita.

Mu mutanen jihar Maradi mun san irin na biyun nan da zafinsa. A Tibirin Gobir, nan kusa da Maradi, ruwan foraj ɗin da aka fara sha a 1985 yana ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1,5 a cikin lita, na Tibiri ya ninka haka sau uku zuwa huɗu, kuma an sha shi har wajen shekara ta 2000. Dubban yara suka tashi da haƙora masu ja da baƙi, wasunsu ƙasusuwa suka lanƙwashe. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Waɗannan yaran yau magidanta ne da matan aure, sun bazu ko'ina cikin ƙasa wajen aiki da fatauci, kuma su ne mai tallar farin haƙori ya fi saurin samu. Ba wai Tibiri kaɗai abin ya taɓa faruwa ba. Tun 1901 wani likita mai suna Frederick McKay ya tarar da irin wannan tabo a haƙoran mutanen Kolorado ta Amurka, sai a 1931 aka gane daga ruwan sha ne. Haka nan ƙwayar tetrasiklin, wadda masu tallar magani suke yawo da ita a faranti, idan aka bai wa mace mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, tana rina haƙora daga ciki. Duk wanda launin haƙoransa ya taso da shi tun yana ƙarami, to ba ƙazanta ba ce, kuma lemun tsami ba zai ƙara masa komai ba sai ciwo. Gyaransa aikin likita ne.

To, wanda ya riga ya afka, me zai yi?

Na farko, ya dakata nan take. Kada ya ce bari in ƙarasa kwalbar tunda na biya kuɗi. Kuɗin da ya tafi ya tafi, kada ɓawo ya bi shi.

Na biyu, ya saussauta wa haƙoran na tsawon sati guda. Ruwa ya zama mai ɗan ɗumi ko wanda ya kwana a ɗaki, ba na firigo ba, ba mai ƙanƙara ba. Shayi a bar shi ya huce. A ɗan yi nesa da kunun tsamiya, da soɓo, da lemun kwalba, da nono mai tsami ƙwarai. Idan an sha abu mai tsami a kurkure baki da ruwa, a jira kamar rabin awa ko awa ɗaya kafin a goge, domin a lokacin ɓawon yana da laushi. Masu tafiya bisa babur da asuba cikin hunturu su naɗe baki da rawani, su yi numfashi ta hanci.

Na uku, ya nemi man goge baki na masu wannan matsala a farmasi. A jikin kwalin za a ga an rubuta dents sensibles, a cikin jerin abubuwan da aka haɗa kuma a nemi nitrate de potassium, wanda akan sa kashi 5 cikin 100, shi ne ke kwantar da jijiya. Sensodyne na daga cikin sanannunsu, amma sunan ba shi ne abin dubawa ba, abin da ke ciki ne. A tabbata kuma yana da fulor tsakanin 1000 da 1500 ppm. A goge sau biyu a rana, a tofar da kumfar, kada a bi da kurkura, domin maganin ya zauna. Da dare a lakata kaɗan a yatsa a shafa inda ke ciwo a kwana da shi. Ba rana ɗaya yake aiki ba, sai an juri wajen sati biyu.

Na san wani zai ce, yanzu ka gama ba mu labarin Tibiri, sannan ka ce mu nemi fulor? Tambayar tana bisa hanya. Fulor yana ɓata haƙori ne idan an haɗiye shi da yawa shekara da shekaru lokacin da haƙoran suke ginuwa cikin dasashi, wato kafin yaro ya kai kamar shekara 8. Wanda aka shafa a waje aka tofar kuwa taurara ɓawo yake yi, shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fulor cikin jerin magungunan da ba a rasa su. Babba ba shi da abin tsoro a nan. Yaro ƙarami shi ne ake sa wa ɗan kaɗan, a tsaya a kansa kada ya haɗiye.

Na huɗu, a sauya hannu wajen goga. Buroshi ya zama mai laushi, wanda aka rubuta souple a jikinsa. Asuwaki abu ne mai kyau, sunna ne kuma, amma a tauna bakinsa sosai har ya yi laushi, a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori a hankali. Masu jan asuwaki dama da hagu da ƙarfi kamar ana zarto, su ne za ka ga wuyan haƙoransu ya yi kwari.

Na biyar, idan ciwon ya hana sakat, parasetamol ya isa, bisa ƙa'idar da ke jikin kwali. Kada a danna asfirin a jikin dasashi, ƙona naman yake yi. Kada a sayi kafso a faranti, domin wannan ba ciwon ƙwayar cuta ba ne. Tramol kuwa ko kusa, kada a je neman sauƙin haƙori a dawo da jaraba.

Akwai alamomin da idan an gan su zaman gida ya ƙare. Idan haƙori ɗaya ne tak ke ciwo ba duka ba. Idan an sha ruwan sanyi zugin ya daɗe bai tafi ba maimakon ya wuce nan da nan. Idan ciwon yana ta da mutum daga barci, ko kunci ya kumbura, ko dasashi ya yi fari ya saɓule. Idan an yi sati guda babu sauƙi. Waɗannan suna nuna akwai rami ko tsaga da maganin ya bi ya kai ga jijiya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A je asibiti, idan can suka ce sai Maradi, a tafi. Tsakanin Dakoro da Maradi ya fi kilomita 100, na san kuɗin mota da ranar kasuwa da za a rasa ba wasa ba ne, amma sun fi cire haƙorin gaba araha.

Shi ango namu, bayan an watse biki na sa shi gaba muka je wajen likitan haƙora a Maradi. Ya duba ya ce wuyan haƙoran gaba huɗu sun zaizaye, ya shafa masa wani man fulor mai kauri wanda ke toshe kafofin nan, ya rubuta masa man goge baki. Launin da ya ɗaga masa hankali tun farko kuwa na shayi ne kawai, wanda na'ura za ta iya cirewa cikin rabin awa. Yanzu yana shan shayinsa, amma har yau ruwan ƙanƙara sai dai ya gani a hannun wani.

Wanda har yanzu yake son farin, ba a hana shi ba, amma ya bi ta ƙofa. A fara duba baki, a cike ramuka, a warkar da dasashi. A fara man masu ciwon sanyi sati biyu kafin a soma. A zaɓi magani mai sauƙin ƙarfi, idan suka ta taso a tsallake kwana ɗaya ko biyu, ko a rage lokacin da yake zama a baki. Mace mai ciki da mai shayarwa su jinkirta, yara kuwa a bar su. A kuma sani cewa maganin ba ya faranta cikon da aka yi wa haƙori ko haƙorin roba, balle haƙorin Makka. Amare da angwaye su fara shiri da wata biyu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Zan rufe da ƴan uwana ƴan kasuwa, ku da kuke ɗauko kaya daga Kano da Kwatano da Dubai. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, ba ta faɗi ƙarfinsa ba, ba ta da ranar lalacewa, ku bar ta a inda kuka gan ta, komai ribarta. Mai saye a hannunku maƙwabcinku ne, gobe a sahu ɗaya za ku yi salla. Ku kuma malaman lakwal da ma'aikatan lafiya da na buro, ana jin maganarku a unguwa. Ku gaya wa yara cewa haƙorin ɗan Adam tun asali ba fari fat ba ne, yana da ɗan sirkin ɗorawa, kuma wanda suke gani cikin salula fitila ce da gyaran hoto. Haƙori 32 babba yake da su idan sun cika, bayan na yaranta sun zube ba a sake rabon wasu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai sati mai zuwa idan Allah ya kai mu.